Ubuntu 25.10 da Sallamar X11: Wa Ya Ci Riba, Wa Aka Bari a Baya?

Ranar 9 ga Oktoban 2025 kamfanin Canonical ya saki Ubuntu 25.10, wadda ya yi wa laƙabi da Questing Quokka, kamar yadda ya saba raɗa wa kowace fitowa sunan wata dabba. Ta zo da irin kayan da aka saba gani: ƙwayar Linux ta 6.17, GNOME 49, sabuwar manhajar duba hotuna, da wasu tsofaffin kayan aiki irin su sudo da aka sake rubutawa da yaren Rust. Sai dai abin da ya fi tayar da ƙura shi ne wanda aka cire. A da, in mutum ya zo wurin sa kalmar sirri, akwai wata 'yar alama a kusurwar ƙasa ta dama, in ya danna ta sai ta ba shi zaɓi, ya shiga ta Wayland ko ya shiga ta Xorg. A wannan fitowar zaɓi na biyun ya ɓace. Duk mai son GNOME a sabuwar Ubuntu, ta Wayland zai bi, ko ya so ko ya ƙi.

Mafi yawan jama'a ba su ma lura ba, don sun daɗe a kan Wayland ba su sani ba. 'Yan tsirarun da suka lura kuwa suna ta kumfar baki har yanzu. Kafin a yanke wa kowa hukunci, ya kamata a san abin da ake rigima a kansa, domin sau da yawa ana cakuɗa abubuwa uku da kowanne aikinsa daban.

Akwai Ubuntu ɗin kanta, wato nau'in Linux da wani kamfani ko wata ƙungiya ta harhaɗa, kamar yadda ake da Fedora da Debian da Linux Mint. Akwai teburin aiki, wanda shi ne abin da ido ke gani: jerin manhajoji, sandar ƙasa ko ta gefe, wurin saituna, yadda tagogi ke buɗewa da rufewa. GNOME da KDE Plasma da Xfce duk tebura ne. A ƙarƙashin teburin kuma akwai wani ma'aikaci da ba a ganinsa, sabar allo. Ita ce ke karɓar motsin linzami da bugun madannai ta miƙa wa manhajar da ta dace, ita ce kuma ke karɓar abin da kowace manhaja ta zana ta kai shi allo. Wannan kujerar ce X11 ya riƙe kusan shekara arba'in, ita ce kuma Wayland ya karɓe.

An haifi X a 1984 a jami'ar MIT ta Amurka, a hannun Bob Scheifler da Jim Gettys, sigarsa ta 11 kuma ta fito a Satumbar 1987, lambar ta manne masa ke nan har yau. Linux kanta sai a 1991 ta zo duniya, ta tarar da shi ya riga ya yi gemu. An tsara shi ne don wani zamani da babbar kwamfuta ke zaune a ɗaki guda, mutane kuma suna gaban ƙananan alluna a wasu ɗakuna. Manhaja tana aiki can, tana aiko da umarni ta waya: ja layi daga nan zuwa can, rubuta wannan harafi da wannan salon. Basira ce babba a lokacinta, har yau ma masu kula da sabobi suna cin moriyarta in suna son buɗe tagar wata na'ura mai nisa a gabansu. A duniyar Linux, XFree86 ne ya daɗe yana ɗauke da wannan aiki, har zuwa 2004 da aka yi saɓani a kan sauyin lasisi, masu aikin suka ɓalle suka koma X.Org. Xorg ɗin da Ubuntu ta cire daga teburinta shi ne magajin wancan.

Xorg ya zama kamar gidan gado. Kowace zuri'a ta zo ta ƙara ɗaki, wani ya huda taga, wani ya ja wayar wuta ta saman katanga, ba kuma wanda ya isa ya rushe bango don bai san abin da ya jingina da shi ba, ga shi ɗakunan duka babu mai ƙyaure. Maganar rashin ƙyauren nan ita ce mafi nauyi. A X11 duk manhajar da ta samu shiga tana iya jin abin da ake bugawa a tagar wata, tana iya ɗaukar hoton allo gaba ɗaya, tana iya aika wa wata taga bugun madannai na ƙarya. Wanda ke shakka ya gwada da kansa: a zaman X11 ya buɗe tagar umarni, ya sa xinput ya saurari madannansa, sannan ya koma burauza ya fara rubuta kalmar sirrin bankinsa. Zai ga lambobin maɓallan suna zubowa ɗaya bayan ɗaya a waccan tagar, ba a nemi izinin kowa ba. Wannan ba kuskure ba ne da za a toshe da faci, haka aka gina abin tun asali, a lokacin da duk wanda ke kan na'ura abokin aiki ne da aka sani. Yau da mutum ke sauko da manhaja daga inda bai taɓa jin sunansa ba, wannan amana ta zama ganganci.

Ga kuma wata matsalar da ba ta kai wannan tsoratarwa ba amma ta fi ci wa masu aikin tuwo a ƙwarya. Manhajojin zamani sun daina cewa X ya ja musu layi. Da kansu suke zana tagarsu ta hanyar GTK ko Qt, su miƙa hoton a kammale. Wata manhajar daban, mai haɗa tagogi, ita ke jera hotunan ta sa musu inuwa ta fitar da abin da za a gani. X ya koma ɗan aike a tsakiya, yana karɓa daga nan yana miƙawa can, yana kuma ɗauke da tarin tsofaffin ayyukan da ba mai nema amma dole a ci gaba da kula da su. Daga nan ake samun yagewar hoto in ana kallon bidiyo, inda rabin allo ke gaba rabi na baya. Daga nan kuma ake shan wahala in an haɗa kwamfutar tafi-da-gidanka mai ƙananan ɗigo da babban allo ko majigi, rubutu ya yi ƙanƙanta a ɗaya ko ya yi ƙato a ɗayan, domin X kallon allo guda mai faɗi yake yi musu.

Kristian Høgsberg, wanda ya fara Wayland a 2008 yana aiki a Red Hat, ɗan gida ne, ya yi shekaru yana gyaran X ɗin. Shawararsa mai sauƙin faɗi ce: a cire ɗan aiken, mai haɗa tagogi ya zama shi ne sabar allon, kowace manhaja ta ga tagarta kaɗai, ta ji abin da aka buga mata kaɗai. Siga ta 1.0 ta fito a Oktoban 2012. Wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, Wayland ba manhaja ce guda da ake sakawa ba. Ƙa'idar magana ce, kowane teburi kuma shi zai rubuta tasa manhajar da ke bin ƙa'idar. GNOME yana da Mutter, KDE yana da KWin, ƙananan tebura da dama sun dogara da wlroots. To a nan gizo ke saƙar. A zamanin X, in abu ya yi aiki a wani teburi, galibi zai yi a sauran, tunda Xorg ɗaya ne a ƙarƙashinsu duka. Yanzu kuwa in wani ya ce maka Wayland ya ƙi yi masa kaza, tambayar farko ita ce, a wane teburi?

Wannan ne babban dalilin da ya sa ƙaurar ta ci shekara 17. Ƙa'idar farko ba ta tanadi ɗaukar hoton allo ba, ba ta tanadi nuna allo a taron bidiyo ba, ba ta tanadi maɓallan gajeriyar hanya da ke aiki ko'ina ba. Kowanne sai da aka zauna aka yi ta ja-in-ja tsakanin mutanen GNOME da na KDE da sauransu kafin a amince da hanya, wasu ma har yau ana kan tattaunawa. Nuna allo ya daidaita ne bayan zuwan PipeWire da tsarin neman izini, wanda shi ne ke fito maka da 'yar taga yana tambaya wane allo ko wace taga kake son a nuna. NVIDIA ma ta ja nata lokacin. Shekaru ta yi tana dagewa a kan tata hanyar, EGLStreams, alhali kowa yana kan GBM, sai a 2021 da direbanta na 495 ta sauko, sai kuma a 2024 da na 555 aka magance yawancin ƙyaftawar allon da ta addabi masu katinta.

Canonical ɗin da ta rufe ƙofar Xorg ita ma tana da hannu a jinkirin, ko da yake ba a cika tunawa ba. A 2013 ta ce ba za ta bi Wayland ba, za ta gina nata mai suna Mir don teburinta na Unity. Shekara huɗu aka yi ana raba ƙarfi, har Afrilun 2017 da mai kamfanin, Mark Shuttleworth, ya sanar da ajiye wancan buri da komawa GNOME. Ubuntu 17.10 ta gwada Wayland, 18.04 ta ja da baya zuwa Xorg don Wayland bai nuna ba, 21.04 ta sake dawowa, masu NVIDIA kuma sai a 24.10 aka mayar da su. Fedora kuwa tun Nuwambar 2016, a fitowarta ta 25, ta riga ta tsallaka, ta sha duka a madadin kowa.

Masu adawa suna yawan cewa kamfanoni ne suka kashe X11 da gangan. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba yadda suke nufi ba. Mutanen da ke kula da Xorg su ne dai mutanen da suka gina Wayland, yawancinsu kuma albashin kamfanoni irin su Red Hat da Intel suke ci. Da suka ce sun gaji, ba a samu wata runduna da ta taso ta karɓa ba. Babbar fitowar Xorg ta ƙarshe ita ce 21.1 ta Oktoban 2021, tun daga nan sai toshe ɓarakar tsaro. Red Hat ta cire shi daga RHEL 10 a Mayun 2025, wanda ke nufin ranar da za ta daina biyan masu kula da shi tana tafe. A Yunin 2025 wani mai suna Enrico Weigelt ya ɓalle da reshensa, XLibre, da alƙawarin raya shi. Yana da 'yancin yin haka, wannan shi ne daɗin manhajar da ba ta da mamallaki guda, amma manyan nau'o'in Linux ba su bi shi ba, kuma ko da sun bi, ba zai hana GNOME da KDE cire nasu ɓangaren da ke magana da X ba. Ubuntu a nan bin sahu ta yi: GNOME 49 ya kashe zaman X11, an kuma tsara share ragowarsa a GNOME 50. Canonical ta ga gara ta cire shi a 25.10, jama'a su yi wata shida suna kawo ƙorafi, da ta jira Afrilun 2026 ta ɗauki nauyinsa a fitowa mai dogon zango da za ta yi shekaru tana goyo.

Kada kuma a ɗauka tsofaffin manhajoji sun mutu. Akwai XWayland, wani ɗan X da ke zaune a cikin Wayland yana karɓar duk manhajar da ba ta koyi sabuwar ƙa'ida ba. Yawancin wasannin Steam ta nan suke bi, kuma ba wanda ya ce zai cire shi nan kusa. Abin da ya tafi shi ne tafiyar da teburin gaba ɗaya a kan X.

A ganina ƙaurar daidai ce. Inda nake da ja shi ne yadda masu murna ke yi kamar ba a taka kowa ba, alhali an taka, kuma waɗanda aka taka su ne masu ƙaramar murya. Makaho da ke aiki da Orca, manhajar da ke karanta masa allo, yana buƙatar ta ji kowane maɓalli da ya danna ko a wace taga yake, wato daidai abin da Wayland ya haramta don tsaro. An daɗe ana fama da wannan kafin a fara buɗe mata hanya ta musamman a GNOME 48, shekaru da yawa bayan an mayar da Wayland zaɓin farko. Wannan jeri bai yi kyau ba, kamata ya yi a fara gyara hanyar makaho kafin a yi maganar launukan HDR. Masu KiCad, manhajar zana allunan lantarki, sun fito fili a 2025 sun lissafa abubuwan da ba sa yi musu aiki, ciki har da rashin ikon ajiye taga a inda manhaja ke so, suka shawarci masu aikin gaske da su tsaya a X11. Wanda ya gina aikin ofishinsa a kan xdotool, yana sa kwamfuta ta danna nan ta cike can da kanta, ya wayi gari rubutunsa bai da amfani. Haka wasu manhajojin shiga kwamfuta daga nesa.

Mai rubutu da Hausa ma abin ya ɗan shafe shi. Linux ta daɗe da tsarin madannai na Hausa, akwai na Najeriya akwai na Gana, kuma suna nan a Wayland tunda rumbun bayanan madannai ɗaya ake amfani da shi. Wanda ya shiga saituna ya zaɓi Hausa zai ci gaba da samun ɓ da ɗ da ƙ ɗinsa lafiya. Amma mutane da yawa ba haka suka yi ba. Sun bar madannansu na Ingilishi, suka rubuta 'yan layuka da xmodmap ko setxkbmap suka ɗora ƙugiyoyin a maɓallan da hannunsu ya saba. Waɗannan umarnin da sabar X suke magana, Mutter da KWin ba sa sauraronsu. Sai mutum ya sabunta na'urarsa, ya zo rubuta ƙasa ya ga kasa. Gyaran ba wuya, ko dai ya koma saitunan teburi, ko ya kunna maɓallin haɗa haruffa, ko ya rubuta nasa tsarin a babban fayil ɗin xkb na gidansa, amma ba wanda zai gaya masa tun kafin ya faɗa.

Saboda haka zaɓen teburi a yau ya zama zaɓen ranar ƙaura. GNOME ya riga ya tashi, a Ubuntu 25.10 da Fedora 43 babu hanyar komawa. KDE Plasma, wanda ni nake ganin ya fi kowa ƙoƙarin cike giɓin da X ya bari, ya mayar da Wayland zaɓin farko tun siga ta 6 a Fabrairun 2024, ya kuma sanar cewa daga 6.8 ba sauran X11, da alƙawarin kula da tsohon zaman har farkon 2027. COSMIC na kamfanin System76 bai taɓa sanin X ba, a Wayland aka haife shi. Sauran kuwa ba gaggawa suke ba. Xfce 4.20 ta Disambar 2024 gwaji kawai ta fara, mai sarrafa tagoginta har yanzu na X ne. Cinnamon na Linux Mint ya sa zaman Wayland na gwaji tun farkon 2024, bai kuma mayar da shi zaɓin farko ba. MATE da LXQt suna tafe a hankali. Wannan jinkiri ba ragwanci ba ne, ƙananan ƙungiyoyi ne masu 'yan hannaye, kuma Wayland ya ɗora musu aikin da a da Xorg ke yi wa kowa kyauta.

Kwana biyar bayan fitowar Ubuntu 25.10, ranar 14 ga Oktoba, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10. Windows 11 tana neman TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, wanda ya bar ɗimbin na'urori masu lafiya a waje, irin waɗanda suka cika shagunan 'yan gwanjon kwamfuta a garuruwanmu. Da yawa daga masu su yanzu ne za su fara leƙa Linux, su faɗo tsakiyar wannan hayaniya ba su san hawa ba balle sauka. Za a gaya musu Wayland na sababbin na'urori ne. Wannan ba daidai ba ne. Tsohuwar ThinkPad ko Latitude mai katin hoto na Intel tana tafiya da Wayland sumul, abin da zai nauyaya mata shi ne GNOME in ƙwaƙwalwarta gigabait 4 ce, kuma wannan nauyin teburi ne. Wanda ya kamata ya yi hattara shi ne mai tsohon katin NVIDIA da ya tsaya a direba na 470 ko na 390, domin waɗannan sun riga gyaran da aka ambata, shi kam X11 ne mafakarsa.

Sannan 25.10 ba ta kowa ba ce. Wata tara kacal aka ware don kula da ita, fayil ɗinta ya haura gigabait 5, ga wanda ke sayen data da awo wannan ba ƙaramin abu ba ne a kan tsarin da zai sake saukewa kafin shekara ta zagayo. Ubuntu 24.04 tana da tallafi har 2029, tana kuma da zaman Xorg ɗinta. Linux Mint 22, da aka gina a kanta, ita ma har 2029. Debian 13 ta Agustan 2025 tana ba da tebura iri-iri a kan X11. Wanda sana'arsa ta rataya a kan wani abu da Wayland bai iya ba tukuna yana da shekaru a gabansa, ba wanda ya kore shi gobe.

Amma kada shekarun su sa shi barci. Ya sa sabuwar fitowa a filashi, ya tayar da na'urarsa daga nan ba tare da ya taɓa abin da ke ciki ba, ya rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE a tagar umarni don ya tabbatar a kan Wayland yake, sannan ya gwada ainihin aikinsa: ya haɗa majigin da yake koyarwa da shi, ya nuna allo a taron bidiyo, ya buga sakin layi guda da ƙugiyoyinsa, ya buɗe manhajar da yake cin abinci da ita. In duk sun yi, ya ƙaura, zai samu allo mai santsi da tagogin da ba sa leƙen juna. In wani ya ƙi, ya tsaya a Mint ko Xubuntu, ya kuma kai rahoton matsalar wurin masu teburin, don abin da aka kai musu a rubuce suke gyarawa. Wanda kuma yau ne zai fara Linux a kan na'ura mai ƙarfi, kada ya ɓata lokacinsa koyon dabarun X11, ya fara da Wayland kai tsaye.